Kwalliyar da Ke Jure Gumin Kwatano

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Iyayenmu mata na Zongon Kwatano, yayyenmu da ƙannenmu na Placodji, da ku da ke kama mu daga Jonquet da Missebo har tsallaken gada a Akpakpa, ina gaishe ku da sana'a, ina gaishe ku da ɗawainiyar gida.

Yau shirin na kwalliya ne, kwalliyar fita wasa da dare, irin wadda ake so ta fito ɗas tun daga nesa, ta kuma zauna a fuska har a tashi. Wata wasan Sallah za ta je, an gayyato mawaƙi daga Kano ko Yamai. Wata dinar biki ce da ƙawayen amarya. Wata kuma tikiti ta yanka na babban wasan waƙa a Palais des Congrès, ko na WeLovEya da ake yi a ƙarshen Disamba a dandalin Amazone. Kowane gida da dokarsa a kan inda mace za ta je da yadda za ta fita, wannan kuwa magana ce tsakaninki da iyayenki ko maigidanki. Nawa shi ne idan an fita, fuska ta yi kyau, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ido da fata kuma su dawo gida lafiya.

Mu fara da garin da muke ciki, don shi ne ke yanke hukunci a kan kwalliya kafin madubi. Kwatano ruwa ya sa ta a tsakiya: teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa, ga mashigin ruwan da ya raba garin biyu ya faɗa teku a nan gefen Placodji. Laimar iskarmu tana kai kashi 80 cikin 100 a mafi yawan shekara. Damina biyu gare mu, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga wajajen ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A Kano ko Maraɗi kuwa, idan hunturu ya kankama, laimar takan sauka ƙasa da kashi 20. A can gumi na fitowa iska ta ɗauke shi. A nan yana fitowa ya tsaya a fuska, don iskar kanta ta ƙoshi da ruwa.

Shi ya sa nake jan hankalin 'yan matanmu da ke koyon kwalliya a TikTok da Instagram. Mai kwalliyar da kike kallo tana zaune ne a ɗaki mai na'urar sanyi a Kano ko Abuja, fuskar da ta yi kuma ta hoto ce, ta minti kaɗan. Idan kika kwafi wannan kaurin fandeshan ɗin kika shiga cikin dubban mutane a bakin teku, ana tsalle ana waƙa, kafin mawaƙi na biyu ya hau dandamali fuskar ta fara tsagewa a gefen hanci. Mai aikin fenti ya san ba a shafa fenti mai kauri a jiƙaƙƙen bango, ɓamɓarowa yake yi. Fuskar mai gumi haka take.

Abu biyu ne ke cin kwalliya, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai gumi, wanda ruwa ne da gishiri, shi wanke ta yake yi. Akwai kuma maiƙon da fata ke fitarwa, musamman a goshi da hanci da haɓa, shi narkar da ita yake yi. Kayan da aka rubuta cewa ruwa ba ya cin su, gumi suke jurewa, amma maiƙo yana narkar da su sannu a hankali. Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a buɗe jakar kwalliya. Ki wanke fuska da sabulu marar kaifi, ki shafa mai mai sauƙi wanda fata ke shanyewa nan take, ki ba shi kamar minti 10. Man kaɗanyan da ke zuwa mana daga Parakou da Djougou alheri ne ga fata, amma lokacinsa bayan an dawo ne, a kwana da shi. A ƙarƙashin hoda kuwa, shi ne zai fara zamar da komai. Haka basilin.

Daga nan sai firaima, ɗan kaɗan, a wuraren maiƙo kawai. Fandeshan kuma siriri, a danna shi da soso mai ɗan danshi, kada a goga. Inda tabo yake, a ƙara ɗigo a kan tabon shi kaɗai. Hoda ta biyo baya a goshi da hanci da haɓa, a danna, a kakkaɓe ragowar. Idan kina da ruwan feshin da ke kama kwalliya, ki fesa sau ɗaya bayan fandeshan, sau ɗaya a ƙarshe, ki bari ya bushe da kansa ko da mafici. Shafi biyu sirara sun fi shafi ɗaya mai kauri daɗewa, wannan ki riƙe shi.

Batun launi. Fankeken da iyayenmu suka sani asalinsa na 'yan fim ne, Max Factor ya fito da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 don fitilun fim mai launi, kuma an yi shekaru da dama manyan kamfanoni ba su damu da baƙar fata ba. Abin ya sauya. Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara a Legas tun 1998, Rihanna kuma ta fito da Fenty Beauty a 2017 da launin fandeshan har 40. Yau babu dalilin da zai sa baƙar mace kyakkyawa ta sayi abin da ya fi ta haske. Ki gwada a muƙamuƙi, ki fita hasken rana ki duba, ki jira kaɗan don wasu suna ƙara duhu bayan sun haɗu da maiƙon fata. Wanda ya ɓace a jikinki har kika rasa inda ya fara, shi ne naki. Ki kuma kula da farar hodar nan mai laushi sosai: a ido ba a ganin ta, amma hasken kyamarar waya yana dawo da ita fari fat a ƙarƙashin ido. Kafin ki fita, ki kashe fitila ki ɗauki hoto ɗaya da hasken waya. Abin da kika gani, shi ƙawayenki za su ɗora a Facebook.

(Ɗan kiɗa)

To ina za a sa ƙarfin kwalliyar? Ni shawarata, a bar kunci da goshi da sauƙi, a kai ƙarfin inda gumi ba ya yawan tsayawa: ido, leɓe, da hannu. Ku dubi samarin Bororo a gerewol, can wajen In-Gall a Nijar, a ƙarshen damina. Suna kwana suna wuni ana rawa, amma daga nesa kana ganin fuskokinsu sarai: ja ko rawaya na ƙasa, baƙin leɓe, farin layi a doron hanci. Launuka kaɗan ne, masu tsabta, kowanne da iyakarsa. Fitilun dandamali suna cinye launi mai sanyi. Abin da ke fitowa a baƙar fata da dare shi ne ruwan zinariya, ruwan tagulla, shuɗi irin na baba, kore mai duhu, da ruwan makuba. Ki zaɓi ɗaya ya zama sarki, ki dube shi da ɗankwalinki ko ankon da za a sa. Idan ido ya ɗauki nauyi, leɓe ya sassauta. Idan jan baki ne zai yi magana, ido ya tsaya a baƙin layi mai kyau.

Fatar ido tana da maiƙo, tana kuma motsi duk lokacin da kika ƙifta, shi ya sa launi ke taruwa a ninkinta. Ki fara da ɗigon firaima ko konsila, ki danne da hoda, sannan ki ɗora launin da yatsa ko burushi kina dannawa. Gazal kuma, bayan kin ja layin, ki bi kansa da baƙar hodar ido, shi ne ke hana shi gangarowa. Jagira ma haka, a bi ta da hoda mai launinta.

A nan zan tsaya, don ido ba shi da na canji. Ƙyalƙyalin da ake sayarwa don ado a kati ko a tufafi, na roba ne ko na ƙarfe mai kaifin baki, ƙwaya ɗaya tana iya karce ƙwayar ido. A nemi wanda aka yi don fuska. Gashin ido na kanti yana da gam ɗinsa na musamman. Gam ɗin liƙa gashin kai, balle gam ɗin liƙa takalmi da roba, ba su da hurumi a kusa da ido, ko mai kwalliyar ta rantse miki cewa shi ya fi kamawa. Ya fi kamawa ɗin, har da gashin idonki na asali yake tafiya. Sannan ranar biki, mai kwalliya ɗaya takan yi wa mata goma sha da maskara ɗaya da fensiri ɗaya. Ciwon idon nan na afolo, wanda ya fara ɓarkewa a Gana a 1969 ya bi gaɓar tekun nan tamu, ta irin wannan hanyar yake yawo. Ki je da gazal ɗinki da maskararki da jan bakinki. Mai kwalliyar kirki ba za ta ji haushi ba. Maskara kuma idan ta yi wata 3 da buɗewa, a yar da ita, kada a tofa mata yawu ko a ɗiga ruwa don ta yi laushi. A jikin yawancin kayan kwalliya akwai zanen ƙaramin gwangwani a buɗe da lamba, 6M ko 12M, wato watannin da za su yi bayan an buɗe. A zafi da laimar Kwatano, ni ba na jiran cikar wa'adin idan wari ko launi ya sauya.

Yanzu ga magana mai nauyi, ina kuma roƙon iyayenmu su saurare ni da haƙuri. Kwalli gadonmu ne. Fataken da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, ta Nikki da Djougou, kwalli na cikin kayan da suka riƙa ɗauka tare da kanwa da fatu, kuma zuriyarsu ce ta cika zangunan ƙasar nan. Muna sa shi don ado, muna sa shi don magani, muna sa shi da niyyar sunna. Sai dai dutsen nan mai sheƙi da ake niƙawa, mafi yawan wanda ke kasuwanninmu dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a kwarin Binuwai. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6 ɗan asalin Najeriya. Da aka bi diddigi, kwallin da ake sa masa ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa kashi 82.6 cikin 100 na wannan kwallin dalma ce zalla. Mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake daka dutsen zinariya. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. Yaro yana murza ido ya kai yatsa baki, hawaye kuma yana gangarawa ta ciki zuwa maƙogwaro. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Me ya kawo wannan a shirin kwalliyar wasa? Don kwalli shi ne abin da 'yan matanmu ke ramɓaɗawa idan suna son ido ya fito, kuma su ne ke goyon ƙanne, su ne iyayen gobe. Ido ba ya bambance dutsen dalma da wanda ba shi ba, duka sheƙi suke yi. Gazal na kamfani sananne, mai rubutun abin da ke ciki, zai ba ki baƙin da kike so. Jariri kuwa, Hajiya, don Allah a bar idonsa yadda Allah ya yi shi.

(Ɗan kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Leɓe ba shi da wuya. Ki goge busasshiyar fata da tsumma mai ɗumi tun da rana. Ki zagaye leɓen da fensiri, ki cike shi duka da fensirin, ki shafa jan baki, ki danne da tishu, ki ɗan buga hoda, ki sake shafawa. Na ruwa mai bushewa ya fi zama, amma yana busar da leɓe, don haka siriri ya isa. Abokin gabansa mai ne: soyayyen kifi, aloko, wagashi, tsire. Ki ci abincinki kafin ki shafa, zoɓo kuma a sha da tsinke.

Idan ana maganar kwalliyar da ke daɗewa, babu wadda ta kai lalle. Ganyen yana da sinadarin da ke kama fata da farce ya rine su, shi ya sa gumi ba ya yi masa komai. Launinsa yana ƙara nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka idan wasan na Asabar ne, ki zauna wa mai lalle ranar Alhamis. Hannun da kika ɗaga da waya a cikin taro, shi ake fara gani. Amma baƙin nan da ke kamawa cikin minti kaɗan, a yi hattara da shi. Lalle na gaskiya ja ne zuwa ruwan ƙasa. Baƙin yakan zo ne da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda a Turai da Amurka ba a yarda a zana shi a fata ba. Wasu yana tayar musu da ƙuraje masu ruwa daidai da zanen, bayan kwanaki, ya bar tabo, jikin kuma ya riƙe ƙiyayyarsa har abada, ko rinin gashi mace ta yi daga baya sai kai ya kumbura. Ki tambayi mai lallen abin da ta haɗa. Wadda ta taɓa jin ƙaiƙayi ko zafi bayan baƙin zane, ta bar shi ke nan.

Ga kuma abin da ya sa nake fifita lalle a kan jan farce, kuma shi ne zai kai mu ga tambayar da mata ke yi a Zongo wadda masu bidiyon ƙasashen waje ba su san da ita ba: yaya alwala? Abin da malamanmu na Malikiyya ke koyarwa shi ne, duk abin da ya yi shamaki ya hana ruwa taɓa fata ko farce, alwala ba ta cika a kansa. Lalle launi ne kawai, ba shi da jiki, ruwa na ratsa shi. Jan farce da kayan da aka yi don kada ruwa ya ci su, aikinsu ke nan hana ruwa. Mafita tana cikin agogo. A Kwatano rana tana faɗuwa tsakanin shida da rabi da bakwai da 'yan mintoci duk shekara, lisha kuma ba ta nisa da takwas, manyan wasanni kuwa ba sa ɗaukar zafi sai dare ya yi. Ki yi sallolinki, sannan ki zauna gaban madubi da natsuwa. Idan taron na yamma ne, ki yi alwala kafin kwalliya, ki kuma tafi da abin gogewa a jaka ko da alwalar za ta karye. Wadda ke da wata tambaya a kan wannan, ga malamai nan a babban masallacin Zongo da makarantun islamiyya.

Sai hanya. Mafi yawanmu zem, wato babur na haya, za mu hau, kuma tun Maris 2024 'yan sanda ke tsananta dokar hular kwano har a kan fasinja. Na ji ana ƙorafin cewa hular tana ɓata goshi tana rushe gwaggwaro. Haka ne, amma kan ya fi kwalliyar daraja, titunan Kwatano da tsakar dare kuma kun san su. Ki ɗaura siririn ɗankwali ya rufe goshi a ƙarƙashin hular, ki riƙo gwaggwaron a leda, ki ɗaura idan kin isa. Goshin da ba a cika masa fandeshan ba, babu abin da hular za ta kwashe. A jaka ki sa tishu, ƙaramar hoda, jan baki, mafici. Idan gumi ya tsatso, ki danna tishu ki ɗaga, kada ki share. Sai fuskar ta bushe sannan a taɓa hoda, in ba haka ba taɓo za ki kwaɓa.

Akwai waɗanda za su bi duk abin da na faɗa amma kwalliya ta ƙi zama, kuma sau da yawa dalilin man bilicin ne. Mayukan nan suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi irin na maganin cutar fata, wasu har da zaiba. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ta riƙa ja da raɗaɗi a zafi, ƙuraje su feso. Haidirokwinon idan aka daɗe a kansa yana barin baƙin tabo a kan kunci wanda ba ya jin magani. Zaiba kuwa ƙoda take ci. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata sun amince a daina sa zaiba a kayan kwalliya gaba ɗaya daga 2025. Fatar da ta sha wannan wahala ba ta riƙe fandeshan, sai a ƙara kauri don a rufe tabon, kaurin kuma ya ƙara zubewa. Ƙanwata, idan kina kai, kada ki yanke na sitiroyid rana ɗaya, don fatar takan tayar da bori. Ki ga likitan fata, akwai su a babban asibitin CNHU, ya tsara miki yadda za ki sauka a hankali.

Wajen sayen kayan kwalliya ma a buɗe ido. A kasuwanninmu akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu kuma iri ɗaya. Wanda aka shanya a tire cikin rana tun safe, ko na gaske ne ya riga ya dahu. Ki duba rubutun abin da ke ciki da ranar lalacewa, ki shinshina, farashin da ya yi araha fiye da kima kuma ya sa ki ja baya. Sabon abu ba a fara gwada shi ranar wasa. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne kwana biyu kafin nan.

Idan kin dawo, ko ƙarfe nawa ne, kada ki kwanta da kwalliyar. Abin da aka yi don ya jure ruwa, sabulu kaɗai ba ya fitar da shi, sai ki yi ta dirza har ido ya yi ja. Mai ne ke narkar da shi. Ki ɗiga man kwakwa ko man zaitun a auduga, ki ɗora a kan ido a rufe na ɗan lokaci, ki share a hankali zuwa ƙasa. Gashin kanti ki bari man ya sassauta gam ɗin, zai fito da kansa, kada ki fizge. Sannan ki wanke da sabulu da ruwa, yanzu ne lokacin man kaɗanya. Washegari ki wanke soso da burushi, ki shanya su a inda iska ke kaɗawa, don a laimar garin nan soson da aka jefa a jaka da danshi yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Lokacinmu ya ƙare. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba dilka da halawa da gyaran jikin amare.  

(Kiɗan rufe shiri)